Fuskar da Reza ta Ci

Shafi na 19

Da sunan Allah. Masu turo mini saƙo cewa hoto ba ya ƙarya, kwamfuta kuma ba ta da dangi balle ta yi son kai, na gani, na gode. Ku karanta wannan tukuna.

*

Baba Tijani da kansa ya danna sakata.

Mas'uda ta ji ƙarar ƙarfen har cikin haƙoranta. Ɗakin Mma Damata dama ba na mutum uku ba ne. Gado ya ci rabi, kwabet ɗin kwanukan da ba a taɓa zuba miya a cikinsu ba ya ci saura. Taga ɗaya ce, tana kallon lungu, ita ma an toshe ta da katako tun shekarar da aka zuro hannu aka ɗauke wa tsohuwar rediyo. 'Yar kafa kawai aka bari a sama, iska na shigowa da ƙyar.

A waje kuwa kamar unguwar Maamobi kaf a ƙofar gidansu ta kwana. Yau ce addu'ar arba'in ta mahaifinta, Issaka. Ana jan benci, ana gwada lasifika, ƙamshin shinkafa da wake yana biyo kafar nan.

"Zauna," in ji Baba Tijani, ƙanen marigayin.

Babu wurin zama sai bakin gado, kusa da Mma Damata, yayar babanta, wadda ta raine ta tun ba ta san sunanta ba. Tsohuwar tana nan yadda aka shigo da ita, mayafi ya zame, ludayin miya har yanzu a hannunta.

Aiki ɗaya aka ba Mas'uda, shi ya kawo su ɗakin nan. Ita ce mai gyaran hotuna a wani shago bakin titin Nima. Da za a buga babban ƙyallen da za a rataya a lungu ranar addu'a, sai aka miƙa mata hoton ranar sunanta, don shi kaɗai ne marigayin bai rufe ido a ciki ba. Aka ce ta yanko babanta, ta bar saura. Sauran kuwa mace ce zaune da jaririya a cinya. Akwai ɗankwali, akwai 'yan kunne, akwai wuya. Inda fuska ya kamata ta kasance fari ne fat, an kankare har takardar ta yi gashi.

Ba ta yanke ba. Ta zagaye farin wurin da yatsa, ta ce wa manhajar ta cike. Har yanzu ba za ta iya rantsewa ba ko kuskure ne ya sa ta tura wa mai bugawa na New Town wancan hoton, ko hannunta ne ya yi abin da bakinta ya kasa tun tana yarinya. Samarin gida suka karɓo ƙyallen, suka baza shi a bangon lungu ba su tambayi kowa ba. Mma Damata ta fito duba tukunya, ta ɗaga kai, ta ce, "Ta dawo," ta zauna daɓas a ƙasa.

"Wa ya ba ki fuskar nan?" in ji Baba Tijani.

"Babu wanda ya ba ni, Baba."

"Daga sama ta faɗo?"

"Manhaja ce ta..."

"Yoo! Manhaja. Alhamdu lillahi da ya fito daga bakinki."

Ya zaro wayarsa ya girgiza a gaban idonta.

"Kina tsammani don na yi furfura ban san aikinku ba? Da sallar nan ɗana Jamaluddeen ya turo mini hotona ina tsaye cikin ƙanƙara, har da safar hannu. Ni da ko Kumasi za ni sai na sha maganin amai. Aikin abin nan ke nan, ƙarya. Ko ba ƙarya ba ce?"

Bai jira amsarta ba.

"To ga abin da za a yi. Malamai ba su zauna ba tukuna. Za ki fita, ki karɓi makirfo, ki ce wa matan nan su daina ɗaukar hoto da ƙyallen, fuskar ba ta kowa ba ce, inji ne ya ƙaga. Ki ba jama'a haƙuri. Sannan a sauke shi. In na sauke ba bayani, kafin la'asar magana ta kai har unguwar Alajo, da ƙari."

Abin da ya ɗaure ta ke nan. Bai ce ta je ta yi ƙarya ba. Gaskiya ya ce ta je ta faɗa.

Ta fi kowa sani. Manhajar ba ta tono komai daga ƙarƙashin reza, don babu komai a can sai takarda. Aikinta aikin telan da aka kai wa atamfar da garwashi ya huda: ya dubi furen da ke gefen ramin, ya nemo ƙyallen da zai dace, ya ɗinke har ido ya kasa gane wurin. Abin da wuta ta ci kuwa ya tafi. A shago Mas'uda ta sa an cike farin nan ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, kuma kowane karo wata matar ake ba ta. Wata mai kumatu, wata mai doguwar fuska, wata kamar 'yar fim. Ta kan ƙyallen nan ta zaɓe ta ne don kawai tana da wushirya irin tata. Ta zaɓi uwa yadda ake zaɓen takalmi.

"Ba ƙarya ba ce, Tijani."

Muryar Mma Damata ce, a dishe.

"Yaya, ki bar ni da ita."

"Na ce ba ƙarya ba ce. Sabuwar reza na ɓare. A kan faifai na ɗora hoton, na bi fuskar, na sake bi, sai da na ga fari. To ta yaya injin ya tono tsagar?"

A waje wani ya hura makirfo ya ce, "Salamu alaikum, gwaji, gwaji."

"Mma," in ji Mas'uda a hankali, "ke kika kankare?"

Tun tasowarta labari ɗaya ake ba ta, ko kalma ba ta canjawa. Uwarta Fatu ce, 'yar wani malami a zangon Kumasi, ta rasu ba ta gama wankan jego ba. Fuskar kuwa Baba Tijani ne ya goge, lokacin da ya dawo daga karatu da zafinsa yana cewa mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da hoto. Kowa ya yarda. Babu wanda ya taɓa tambayar me ya sa fuskar Issaka da ta jaririya suka tsira, ta mutum ɗaya kawai aka ci. Babu kuma wanda ya tambayi irin mutuwar da ke kwashe mace da danginta gaba ɗaya, har a rasa ko inna guda da za ta leƙo marainiya da salla.

"Yaya, kin ga abin da nake gudu?" in ji Baba Tijani. "Jininki ya hau. Ki kwanta."

"Wace tsaga, Mma?"

Ta tambaya ne, amma ta riga ta gane. A kan ƙyallen akwai wani siririn layi da ya taso daga gefen hancin matar, ya gangaro kunci har muƙamuƙi. Ita ta ɗauka karyewar takarda ce manhajar ta bi. Ta so gogewa, ta shagala da wushirya.

Mma Damata ta ɗaga ludayin, ta ja bakinsa a kan kuncinta, daga hanci zuwa ƙasa.

"Irin ta mutanen Bolga, can arewa. Waɗanda suka san da ita a gidan nan duk sun kwanta dama, sai ni da Tijani. Amma abin nan ya gan ta." Ta juyo da idanunta masu yana. "Me kuma ya gani? Ya gaya miki sunanta?"

Kalmomin suna nan a bakin Mas'uda. Mma, bai ga komai ba. Tana faɗa, tsohuwar za ta sauke ajiyar zuciya, ta gyara mayafi, ta koma wurin tukunya. Kuma shi ke nan har abada. Ta san shirun Mma Damata. Matar da ta yi shekaru ba ta amsa gaisuwar maƙwabciya saboda rigimar bokiti.

Ta haɗiye su.

"Daga bakinki nake so in ji," ta ce.

"Mas'uda!" in ji Baba Tijani.

"Atampoka," in ji Mma Damata. "Fatu mu muka sa mata."

Mas'uda ta maimaita sunan a ranta. Ya yi mata girma a baki, kamar lomar da ba ta saba ba.

"'Yar dako ce a kasuwar Laraba, kayayo. Ita ke ɗauko mini buhun albasa a ka har gida. Baƙa, siririya, ba ta da magana. In ta sauke sai ta roƙi ruwa ta sha a bakin ƙofa. A nan Issaka ya gan ta. Ni ce ma na ce ya miƙa mata moɗar, ni da hannuna na..."

"Ya isa!"

Baba Tijani ya doki kwabet, kwanuka suka amsa.

"Kin ga tsohuwa idonta ya mutu, kin samu wurin tsoratarwa. To ni ba ki isa ba. Ɗauko wayarki."

"Baba?"

"Ɗauko. In har abin nan ya san matar, ya sake kawo ta. A nan, a gabanmu. Wanda ya san mutum ba ya manta kamanninsa tsakanin jiya da yau."

Mas'uda ta zaro wayar, ba ta buɗe ba.

"Datata ta ƙare."

"Ga tawa. Jona."

"Sabis ba ya shiga ɗakin nan, Baba."

"Yana shiga. A nan nake kallon wa'azi in na zo gai da Yaya ta tsaya salla."

"Baƙi suna jira."

"Su jira. Wanda ake wa addu'ar ba inda za shi."

Ta dubi ƙofa. Yana tsaye a gabanta da faɗin babbar rigarsa. Ta dubi taga, katako. Ta dubi Mma Damata, ta ga tsohuwar ta matsa can ƙuryar gado tana motsa leɓe, kamar wadda aka ce mata za a tone kabari a gabanta.

In ta latsa, wata matar za ta fito. In ta ƙi, ƙin ma amsa ce.

Ta buɗe tsohon hoton. Ga babanta da hular da ta yi masa yawa. Ga ita a cinya, dunƙule cikin tawul. Ga farin. Ta zagaye shi da yatsa, da'irar ta fito a karkace.

"Latsa," in ji Baba Tijani.

Ta latsa.

Ɗan zoben ya fara juyawa a tsakiyar allon. A lungu mata na dariya, wata tana cewa, "Matsa, Sala, kin tare mini marigayin." Zoben ya juya, ya tsaya, ya sake juyawa. Mas'uda ta yi addu'ar da ba ta taɓa yi ba a rayuwarta ta mai gyaran hoto: Allah ya sa sabis ya ɗauke.

Bai ɗauke ba.

Fuskar ta fito. Mace mai kumatu, fara tas, hanci gajere, baki a rufe. Ko kusa ba ta kan ƙyallen ba ce.

Baba Tijani ya karɓe wayar, ya duba, ya kece da dariya.

"Ei! Ga uwarki ta biyu. Sannu da zuwa, Hajiya. Sake latsawa mu ga ta uku. Kafin azahar sai ki tara mana gidan biki." Ya miƙa wa yayarsa. "Yaya, duba. Wannan ce kika kankare? Wannan da kamar ba ta taɓa shiga rana ba?"

Mma Damata ba ta karɓa ba. Ta ajiye ludayin a ƙasa. Ta ja mayafinta ta rufe kai. Mas'uda tana kallo leɓunan nan suka haɗu, suka matse, yadda ta san su.

Shi ke nan ta kulle baki, in ji zuciyarta. Suna kawai na samu.

"To tashi," in ji Baba Tijani. "Makirfo na jiranki."

"Miƙo," in ji Mma Damata.

Ta karɓi wayar da hannu biyu, ta kai ta har bakin hanci, ta karkata kai tana neman gefen idon da yanar ba ta rufe ba. Ta daɗe.

"Sake."

Mas'uda ta latsa. Wata ta fito, mai manyan idanu da ƙashin kumatu.

"Sake."

Wata kuma, dattijuwa wannan karon, da gira mai kauri.

"Tijani, kai idonka lafiyayye ne. Duba kuncin."

"Yaya, me zan duba a..."

"Na ce duba."

Ya duba. Dariyar ta bushe a fuskarsa. Ya ja allon baya da babban yatsa, ya dubi ta kafin ta, da ta kafin waccan. Hanci ya canja, ido ya canja, launin fata ya canja. Layin nan kuwa yana nan a kowace, daga muƙamuƙi ya hau kunci ya nufi hanci.

"Ni ba fuska na gani a bango ba," in ji Mma Damata. "Idona ya daina ganin fuska tuntuni. Ku ma da murya nake gane ku. Tsagar na gani." Ta kamo hannun Mas'uda, yatsunta sanyi ƙalau. "Gaya mini tsakaninki da Allah. Aljani ne a ciki? Ita ce ta aiko shi?"

Hannun nan shi ya karya Mas'uda. Hannun da ya yi mata kitso ne, ya yi mata tsifa, ya mare ta, ya ba ta tuwo a baki.

"A'a, Mma. Babu aljani. Bai san ta ba, bai taɓa ganinta ba. Ba ya ganin ƙarƙashin reza. Abin da aka bari a gefe yake bi."

Ta dawo da tsohon hoton, ta buɗa shi da yatsu biyu har ƙasan farin ya cika allon. A can bakin inda rezar ta tsaya, a kan ɗan abin da ya rage na muƙamuƙi, akwai wani baƙin layi, siriri kamar gashin ido.

"Kin gani? Wannan rezarki ba ta ci ba. Shi yake gani, sai ya ja shi zuwa ciki, don ya san layi ba ya tsayawa haka kawai. Fuskokin nan duk zato ne. Wannan kaɗai ne nata."

Mma Damata ta ƙura wa allon ido. Can sai ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Kuka kike yi ranar da na kankare. Kina jan zanina, kina kiran wadda ba ta nan. Na ɗauka na gama." Ta saki wayar a kan gado. "Ashe ba inji ba ne. Ni ce."

"To kin ji da kunnenki, zato ne," in ji Baba Tijani. "Yarinyar ma ta faɗa. Mu fita."

"Tsaya nan, Tijani. Na riga na faɗi sunan a ɗakin nan. Da me zan kankare shi daga kunnenta?"

Mas'uda ta zamo daga gado ta durƙusa a gabanta.

"Mma, wankan jegon..."

"Ta yi wankanta ta gama lafiya lau. A Alajo suka zauna, ɗaki guda, don Babanmu ya rantse ba za ta kwana a gidansa ba. Ranar sunanki ma can aka yi, ni kaɗai na je a ɓoye."

"Ba ta musulunta ba ne?"

"Ta musulunta. Ta fi Issaka tashin asuba."

"To saboda me?"

Mma Damata ta taɓa kuncinta.

Mas'uda ta ɗaga kai. A saman gadon hoton kakanta Malam Gajere ne rataye, da rawani da carbi, kumatunsa biyu cike da tsage tun daga gefen ido har bakin leɓe. Nasa, a wurin mutanen gidan nan, asali ne. Nata guda ɗaya kuwa tabo.

"Sai lokacin yaye ya zo," in ji Mma Damata. "Kin san yadda ake yi. Ba a yaye yaro yana kallon nono. A kai shi wurin kaka ko gwaggo, ya kwana biyu har ya manta. Ni na hau motar trotro na je na gaya mata. Ta ce su a garinsu ba a raba yaro da uwa, ɗaci ake shafa wa nono. Na ce yanzu ke tamu ce, sai ki bi namu."

Ta gyara zama, ta ci gaba.

"Ta ji daɗin maganar. Ei, ta ji daɗi. Ba a taɓa ce mata tamu ba. Da bayanta ta goyo ki har ƙofar gidan nan, da kofin kokonki da 'yan rigunanki a leda. Ta durƙusa ta gode mini."

"Yaya, don girman Allah," in ji Baba Tijani.

"Sannan?" in ji Mas'uda.

"Sannan ta zo ɗaukarki, aka ce ba ki manta ba tukuna. Ta koma. Ta sake zuwa, aka ce kina zazzaɓi, ganinta zai tayar miki. Ta koma. Issaka yana hanyar Wagadugu da motar shanu. Da ya dawo Baba ya zaunar da shi a zaure, bai tashi daga tabarmar ba sai da ya sake ta. Babanki mutumin kirki ne, Allah ya ji ƙansa, amma bai taɓa iya cewa a'a yana kallon idon Baba ba."

"Ita fa?"

"Zuwanta na ƙarshe ni na fito da ke a hannu. Ta miƙo hannuwa. Kika dube ta, kika juya, kika ƙanƙame wuyana."

Mas'uda ta dafa bakin gado.

"Na ce mata, kin gani, yaye ya yi."

A waje an fara shimfiɗa tabarmin malamai. Ana jin ƙarar buta, ana jin wani yana faɗa a kan kujerar da aka ajiye wa liman.

"Kada ki dube ni haka," in ji Mma Damata, muryar ta dawo da kaifinta. "Ba na ganinki, amma na san kallon. Na raine ki ko ban raine ki ba? Wa ya goya ki da kika yi ƙyanda har bayansa ya saɓule? Wa ya tsaya wa Baba ya ce sai kin yi boko? Da ta tafi da ke, da yanzu kwano ne a kanki kina bin masu cefane a kasuwa."

"Da na san fuskarta," in ji Mas'uda.

Tsohuwar ta kau da kai.

"Tana ina, Mma?"

"Ta mutu," in ji Baba Tijani da sauri. "Ta koma garinsu ta mutu. An gama. Kin ji abin da kike son ji, Allah ya ji ƙan kowa. Yau ranar babanki ce, ba za ki tsayar da shi tsirara a gaban malamai da sarakunan zango ba."

Mas'uda ba ta dube shi ba.

"Mma?"

Ta ƙara matsawa kusa da tsohuwar.

"Mma, na gaya miki gaskiyar injin nan alhali da na yi shiru da kin ci gaba da jin tsoro. Ki biya ni."

Mma Damata ta juya kai wajen ƙanenta.

"Tijani, ranar da aka fito da gawar Issaka, wa ka tare a bakin gota, kwatar nan ta ƙofar lungu?"

"Mabarata ne. Kin san yadda suke cika gidan mutuwa."

"Mabaraciya ce za ta kawo bokitin koko sadaka?"

Ya juya ya dubi ƙofa.

"A unguwar Malam take," in ji Mma Damata. "Bakin tasha, tana koko da ƙosai. Kowace salla sai ta zo. Ta tsaya a can bakin gota wajen katakon tsallakawa, ta kalli lungun nan, ta juya. Ba ta taɓa tsallakowa ba. Na ce mata ranar da ta tsallako zan kai ki inda ko lungun ba za ta samu ta kalla ba."

Mas'uda ta rufe ido. Katakon nan ta sha tsallaka shi ranar salla, da sabon ɗinki, tana ɗaga zani kada ya taɓa ruwan. Kullum akwai mutane a tsaye a wurin. Wa ke kallon tsohuwar da ta ja mayafi ta rufe kunci? Ta lalubi ƙwaƙwalwarta tana neman fuska, ba ta samu komai ba sai fari.

Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

"Alhaji, liman ya iso," in ji wata murya.

"Muna zuwa," in ji Baba Tijani. Ya rage murya. "Tashi, Mas'uda. Ki faɗi abin da na ce, a sauke ƙyallen, a yi addu'a a watse. Sauran magana ta cikin gida ce, a cikin gida za ta zauna."

Ba ta tashi ba. Kunnenta na wani wurin.

Hayaniyar matan lungu, wadda tun safe ke shigowa ta kafar taga, ta yanke. Babu dariya, babu ƙarar cokali. Kamar an zuba wa wuta ruwa.

Sai wata murya ta taso daga daidai bangon da ƙyallen yake. Muryar tsohuwa ce, a shaƙe da hayaƙin murhu, da Hausar wanda ya koye ta a kasuwa.

"Ku bar ni. Ba abinci na zo ci ba."

Mma Damata ta dafe ƙirji.

"Wannan zani nawa ne," in ji muryar. "Wannan ɗankunne, Issaka ya saya mini. Wannan yaro na cinya, nawa ne."

Sai aka ji kamar ta matsa kusa da bangon.

"Amma wannan wane ne? Wa ya sa mini fuskan wani?"

Mas'uda ta miƙe.

Baba Tijani ya riga ta. Ya jingina bayansa da ƙofa, ya ɗora tafinsa a kan sakata.